Hoton Darakta Bai Fito a Takarda Ba

Jiya wani daga cikinku, ba sai na nuna shi da yatsa ba, ya tsaya a bakin ƙofar shagona yana latsa waya, ya ce wai kafin shayinsa ya huce ya gama haɗa shafin yanar gizo. Na karɓi wayar na duba. Ya yi kyau, ban hana shi ba. Da na tambaye shi abin da ke ƙarƙashin kyan, sai ya ce bai sani ba, kuma bai ga dalilin da zai sa ya sani ba. To ni duk abin da ya zo da sauƙi irin haka, kallon tuhuma nake yi masa. Sana'ar nan ce ta fara koya mini zargi, Abuja ta ƙarasa ni. Ku gyara zama in ba ku labarin yadda aiki mai tsafta ya raba wani bawan Allah da kujerarsa.

Aikina na farko shafin wani otal ne a Wuse. Lokacin farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba, kuɗi na yawo a gari, duk inda ka juya ana zuba kankare, wayar salula ta shigo har mai sayar da lemo yana da lamba. Kowace ma'aikata, kowane otal, kowane ɗan kwangila so yake a ce yana da adireshi a intanet, ko da shi kansa bai taɓa buɗe shi ba. Ni na zo daga Zariya da 'yar takardar difloma, na sami wurin koyo a shagon wani Bayarabe da ake kira Oga Femi. A Masaka nake kwana, don nan ne haya ba ta fi ƙarfina ba, kullum in sha cunkoson hanyar Keffi in shigo gari.

Ga yadda Oga Femi yake aiki. Zai zana shafin gaba ɗaya kamar hoton kalanda, da tambari da launi da komai, sannan ya yayyanka hoton gunduwa-gunduwa. Aikina shi ne in gina tebur, irin na lissafi mai layuka da gidaje, in cusa kowace gunduwa a gidanta har hoton ya sake haɗuwa. In gida ɗaya yana buƙatar a raba shi, sai a sa wani tebur a cikinsa, a sa wani a cikin wancan, yadda mata ke jera kwanuka ƙarami cikin babba. Inda aka sami giɓi kuwa, akwai wani ɗan hoto marar launi, ɗigo guda, ido ba ya ganinsa, shi muke miƙarwa mu tokare bango da shi kada ya rufta. A shafin otal ɗin nan na zuba ɗigon nan har na daina sanin adadinsu. Ranar da mai otal ya ce a ƙara kalma ɗaya a jerin maɓallan gefe, sai da na buɗe kowane shafi ɗaya bayan ɗaya na gyara. A na ƙarshe wani gida ya zauna a buɗe, hoton wurin ninƙaya ya gangaro ya zauna a kan lambar wayar otal.

Kayan aikinmu a lokacin in kuka gan su yau dariya za ku yi. Kwamfuta mai ƙaton allo mai ƙeya, disket, ɗan faifan ajiye aiki, da ke cinye aikin mako in ya ga dama, sikana mai kukan tsohuwar keken ɗinki, da janareto da sai an lallaɓa shi kafin ya tashi. Faya-fayan manhaja kuwa a durowa suke, a kulle, makullin na wuyan Oga Femi. Bai yarda da kowa ba. Ba ya barin kwastoma ya ga kod, wato rubutun umarnin da ke bayan shafi, ba ya barin ɗan koyo ya san lambar wayar kwastoma. In na yi ƙorafi cewa gyaran kalma ɗaya bai kamata ya ci yini guda ba, sai ya dube ni ta saman tabarau, ya ce da Hausarsa ta Abuja: "Habibu, aiki idan ta yi sauƙi, kwastoma ba ya dawowa. Ka bar shi da wahala."

Abin da ya juya mini tunani a wani kafen intanet ya faru, a Masaka. Wata mata ta zauna kusa da ni, ta sayi lokaci don ta duba ranar jarrabawar shiga wata makarantar kuɗi. Shafin makarantar mu muka gina shi. Abin da ba ku sani ba, ku 'yan zamanin layi mai gudu, shi ne tebur ba ya nuna fuskarsa sai duk kayan cikinsa sun iso. Matar nan ta zura wa farin allo ido, ta gyara mayafi, ta sake zura ido, har lokacinta ya ƙare ba ta ga harafi ɗaya ba. Ta ja tsaki ta ce wa mai kafe kwamfutarsa ta mutu. Shi kuma ya ce kwamfutarsa lafiyarta ƙalau, wanda ya gina shafin ne bai san talaka ba. Ina zaune ina jinsu, na yi kamar ban san zancen ba, amma maganar ta bi ni har ɗaki.

Daga nan na fara tono. Na gano ashe akwai ƙa'idojin da masu sana'ar suka amince da su a duniya. HTML ya ɗauki magana kawai: wannan kanu ne, wannan sakin layi ne, wannan jeri ne. Tebur a bar shi ga abin da ainihinsa tebur ne, kamar jadawalin farashi. Ado kuwa, wato launi da faɗi da inda kowane abu zai zauna, a zuba shi a fayil guda daban da ake kira CSS, duk shafuka su riƙa ɗauka daga can. Akwai kuma wani wuri a intanet da za ka miƙa kod ɗinka a bincike shi. In da kuskure a jero maka da ja, in babu a nuna maka kore. Ranar da na miƙa shafin makarantar nan, jan da ya fito sai da na gaji da gangarawa. Kada kuma ku ɗauka da na koyi sabuwar hanya na huta. Tsohuwar burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, da ke kan kusan kowace kwamfuta a ofisoshin Abuja tana da nata lissafin. Ka ce mata faɗin akwati kaza ne, ta auna nata daban, ta tura rubutun gefe can ƙasan shafi. Ka gyara mata, sabuwar burauza ta yi fushi. Haka za ka yi ta sulhu tsakaninsu har kanka ya yi zafi, kuma ban taɓa yarda da ɗayarsu ba sai na gani da idona.

Da na sake gina shafin makarantar ta sabuwar hanya, na kira Oga Femi na nuna masa cewa da layi ɗaya na canza launin shafukan gaba ɗaya. Na zaci zai yi murna. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya juyo ya tambaye ni wa ya koya mini, kuma wa nake shirin yi wa aiki a bayan idonsa. Washegari ya canza makullin durowa. Ba a jima ba muka rabu, ba faɗa, ba kuma daɗi. Na kama wani ɗan lungu a wata filaza a Garki, na sa tebur da kujera biyu, na fara neman nawa.

Kwastoman Abuja iri-iri ne. Akwai wanda zai ce lallai sai wani abu ya riƙa juyawa a shafin, ko tambari ko tuta, don a san ya kashe kuɗi. Akwai wanda zai ce a yi masa irin na wane, amma ya fi na wane. Waɗannan duk masu sauƙi ne. Mai wuya ita ce ma'aikatar gwamnati, don a can abin da bai shiga fayil ba bai faru ba. Babban oga yana da kwamfuta a teburinsa, sabuwa fil, a lulluɓe da zane saboda ƙura, amma hannunsa bai san linzaminta ba. Sakatariya ce ke buga masa saƙon imel a takarda, ya yi rubutu a gefe da koren biro, ta koma ta aika amsa. Na san wannan al'ada sarai, ina ma yi mata dariya tare da abokai a wurin mai tsire.

A wurin mai tsiren nan na saba da Malam Bashari, mutumin Katsina, shugaban sashen kwamfuta a wata hukuma da ke kula da harkar irin shuka. Ya girme ni, mutum ne mai sanyin magana, kuma shi ne ma'aikacin gwamnati na farko da na yi wa zancen CSS bai yi hamma ba. Ya karanta abin, ya gane shi. Burinsa a yi wa hukumar shafin da malaman gona a jihohi za su iya buɗewa a kan layin da ke tafiyar hawainiya. Sai dai kujerarsa tana rawa. An kawo sabon darakta, shi kuwa tsohon darakta ne ya ƙara masa girma, don haka a lissafin ofis yaron tsohon oga ne. Ga raɗe-raɗi na yawo cewa ana rubuta ƙorafi a kan sabon, ba lallai ya daɗe ba. Hukumar tana da tashar gwajin iri a Yangoji, can wajen Kwali, kuma kowa ya san can ake tura wanda ake so a manta da shi. 'Ya'yan Malam Bashari suna makaranta a Garki, matarsa ma'aikaciyar jinya ce a cikin gari. In aka tura shi can, gidansa ya rabu biyu.

Oga Femi ma ya nemi aikin, ta hannun Alhaji Ɗanlami, mataimaki na musamman ga darakta, mutumin da ba a shiga wurin oga sai ta gabansa. Malam Bashari ya tsaya kai da fata a kwamiti sai da aka ba ni. Ranar da ya kawo mini labari bai yi murmushi ba. Ya zauna a kujerar kwastoma, ya cire hula ya ajiye a gwiwa, ya ce: "Habibu, aikin nan kada ya yi ko ɗan tabo. Jira ake in yi tuntuɓe."

Ban taɓa yin aiki mai tsafta kamarsa ba. Tebur ɗaya ne tak a cikinsa, na lokutan shuka, inda tebur ya dace. A saman kowane shafi akwai shimfiɗa: tambarin hukuma a hagu, koriyar gona a tsakiya, hoton darakta a dama cikin babbar riga. Alhaji Ɗanlami da kansa ya kawo hoton a ambulan, bayan an zaɓe shi daga cikin masu yawa, ya tsaya a kaina har na gama sikanin, ya karɓi abinsa ya tafi. Shimfiɗar nan, da hoton da komai, a cikin CSS na sa ta, a matsayin bangon shafi. Na san wasunku za su ce hoton mutum ba ado ba ne, a cikin HTML ya kamata ya zauna. Ku riƙe iliminku. Hoto ɗaya da ke maimaita kansa a saman kowane shafi, ni a wurina fenti ne, kuma na zauna a Abuja na ga yadda ake sauke hotunan manya daga bango. Na gwada aikin a tsohuwar burauza da sabuwa. Na je kafen nan na Masaka na gwada, rubutu ya fito nan take. Na miƙa shi wurin bincike, kore ya fito a kowane shafi. Malam Bashari ya duba ya ce Alhamdulillahi, a ranar ya ci tsire da yawa.

Saura amincewar darakta kafin a ƙaddamar, kuma darakta ba ya amincewa da abin da ba ya cikin fayil. Aka ce wa sakatariyarsa, Madam Comfort, ta buga shafin yanar gizon gaba ɗaya a takarda. Ta zauna ta buga, shafi bayan shafi, ta huda, ta ɗaure da igiyar fayil. To burauza tana da wata ɗabi'a: in za ta aika shafi ga firinta, ba ta haɗawa da bango, don kada a ɓarnatar da tawada. Rubutu ya fito tsaf. Jadawalin shuka ya fito tsaf. A saman kowace takarda kuwa, inda darakta ya kamata ya zauna da babbar rigarsa, sai fari fat. Fayil ɗin ya bi ta hannun masinja, ya bi ta rajista, kowa ya buɗe ya gani ya rufe ya miƙa gaba. Da ya fito daga ofishin oga, an zagaye farin wurin da koren biro, an rubuta tambaya guda a gefe: wa ya cire ni?

Aka kira ni ofishin Alhaji Ɗanlami da rana tsaka. Na tarar da Malam Bashari a tsaye, ga kujeru babu kowa a kai amma ba a ce ya zauna ba. Madam Comfort na gefe ta harɗe hannu, tun kafin a tambaye ta take kare kanta. "Oga, ni ban taɓa komai ba. Na danna, shi ya fito haka. Hoto tana cikin kwamfuta, takarda ne ya ƙi."

Alhaji Ɗanlami bai ko dube ta ba. Ya tura mini fayil ɗin da ɗan yatsa, ya ce firinta ba ta san sabon darakta ba, ba ta san tsoho ba, don haka mutum ne ya gaya mata abin da za ta yi, kuma sunan mutumin yake so.

Na roƙi izini na yaye zanen kwamfutarsa, na kunna, na buɗe shafin. Ga darakta nan yana murmushi. Na shiga wurin saitin bugawa, na nuna masa wani ɗan akwati da ake dannawa in ana son bango ya fito. Na danna, na buga, takarda ta fito da hoto raɗau. A tunanina magana ta ƙare ke nan. Alhaji Ɗanlami ya ɗauki takardun biyu, mai hoto da marar hoto, ya jera su, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce wato akwai wani ɓoyayyen wuri da in an taɓa oga ya bayyana, in ba a taɓa ba ya ɓace. Ya ce ya ga shafukan da Oga Femi ya yi wa wasu hukumomi, an buga su, hotunan ogoginsu sun fito ba tare da an danna komai ba. Me ya sa nawa ya bambanta?

Nan ne sana'a ta hau mini kai. Na ga Malam Bashari yana yi mini alama da ido in taƙaita, amma an tambaye ni abin da na fi kowa sani a ɗakin, kuma abin da nake alfahari da shi. Na yi bayanin tebur da yankakken hoto, na yi bayanin fayil guda da duk shafuka ke ɗauka daga cikinsa. Na ce: "Ranka ya daɗe, ai amfanin ke nan. Hoton a wuri ɗaya yake. Duk ranar da aka canza darakta, layi ɗaya za a taɓa, sabon ya hau kan duk shafukan."

Madam Comfort ta sauke hannuwanta.

"Duk ranar da aka canza darakta," Alhaji Ɗanlami ya maimaita a hankali. "Wa ya gaya maka za a canza shi?" Bai jira amsata ba, ya juya ga Malam Bashari. "Ko har kun sa rana ne?"

Gaskiya na faɗa, har gobe kuma gaskiya ce. Amma duk abin da na ƙara faɗa bayan nan, ƙara zurfin ramin ya yi. Ya tambaye ni ko daga shagona zan iya taɓa layin nan, na ce duk mai kalmar sirri zai iya. Ya tambayi su wa ke da kalmar sirrin, na ce ni da Malam Bashari. Ya gyaɗa kai ya rubuta. Malam Bashari ya yi ƙoƙarin magana, ya ce yallaɓai haka ake yi a ko'ina a duniya, aka ce masa ai ba a duniya yake aiki ba, a hukuma yake. Da muka fito Malam Bashari ya rako ni har bakin get. Can ya ce in je, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri.

Kweri, wato takardar tuhuma, ya biyo baya, sannan kwamiti, sannan takardar canjin wurin aiki. Aka tura shugaban sashen kwamfuta tashar da ba ta da layin intanet. Iyalinsa suka zauna a gari saboda makaranta da asibiti, shi ya kama ɗaki a can, sai ƙarshen mako yake zuwa in hanya ta yi kyau. Aikina aka goge shi. Aka ba Oga Femi, ya sake ginawa da teburansa, ya yayyanka hoton darakta ya dasa shi a kowane shafi yadda ba mai iya cire shi sai ya yi gumi. Aka buga a takarda, ya fito gwanin kyau, koren biro ya amince. Malaman gona a jihohi kuwa suka koma kallon farin allo, amma su ba sa cikin fayil.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a rayuwar sana'ata. Mataimakan ogogi sun san juna, a masallaci ɗaya suke sallar Juma'a, a biki ɗaya suke haɗuwa. Sunana ya riga ni shiga kowace ma'aikata: yaron nan da ya cire hoton oga. Gari na ta bunƙasa, ana ta raba aikin shafuka kamar goro, ni ina lunguna ina buga wa ɗalibai kundin kammala karatu da katin ɗaurin aure. Shafi ɗaya na gina a shekarar, na wani mai sayar da kayan gyaran mota a Apo, wanda bai damu da hoton kowa ba, shi dai ya buɗe da sauri a ga lambobin kayansa. Zaman banza kuwa yana haifar da lissafi. Na tuna cewa a makon da aka buga takardun na ga motar Oga Femi a harabar hukumar. Ya san ɗabi'ar burauza da bango, ko bai sani ba? Shi ya ba da shawarar a buga, ko al'adar ofis ce kawai ta yi aikinta? Madam Comfort da ta shekara tana buga takardu, da gaske ba ta taɓa ganin ɗan akwatin nan ba? Har yau ban sani ba. In muka haɗu da Oga Femi a wurin biki muna gaisawa da hannu bibbiyu, kowa na kallon ƙwayar idon ɗan'uwansa.

Bayan wasu shekaru aka canza daraktan, kamar yadda ake canza kowa. Alhaji Ɗanlami ya bi ubangidansa. Oga Femi a lokacin ya bar shafuka ya koma harkar kyamarorin tsaro, wadda dama ta fi dacewa da halinsa. Sababbin mutanen suka rasa mai warware musu teburansa, har wani ya tuna da ni. Na zauna a cikin hukumar nan, a sashen Malam Bashari, ina cire hoton tsohon darakta daga shafi ɗaya bayan ɗaya. Hularsa a gida ɗaya, kunnensa a wani, kafaɗar rigarsa a cikin wani teburin daban. In na cire gemu sai jadawalin shuka ya karkace. Abin da aka zarge ni da shi, ga shi ina yi da rana tsaka, ana kawo mini lemo mai sanyi. Na yi wa sabon mataimakin zancen a dawo da Malam Bashari. Ya sa aka ɗauko fayil ɗinsa, ya ga kweri a ciki, ya rufe, ya ce shi sabon zuwa ne, ba ya son taɓa abin da bai san tushensa ba.

Da na gama na shiga mota na tafi Yangoji, da damina, masara ta yi kai. Na tarar da shi a bakin gonar gwaji da takalmin roba, furfura ta cinye masa gemu. A ofishinsa akwai kwamfuta ɗaya a lulluɓe da zane, ba don ƙura ba, don ta daɗe da mutuwa. Ya yi murna da ganina, ya sa aka gasa mana masara. Na ba shi labarin hula da kunne da gemu, ya yi dariya har da hawaye. Ya tambayi sana'a, na ce yanzu kowa ya dawo hanyarmu, tebur ya zama abin kunya, tun da mutane suka fara buɗe shafuka a waya. Ya ce madalla. Ya ce babbar 'yarsa ta gama sakandare, a waya ya ji sakamakonta.

Ya rako ni bakin titi muna jiran motar Gwagwalada. Sai ya kama hannuna, ya rage murya duk da ba kowa kusa da mu sai awaki.

"Habibu, darakta ya tafi, Ɗanlami ya tafi, ni ma saura kaɗan in yi ritaya. Ba abin da zai same ka yanzu. Gaya mini tsakaninka da Allah, wa ya sa ka?"

Wannan mutumin ya san CSS. Ya san bango, ya san ɗan akwatin da ake dannawa, shi ya tsaya a gaban Alhaji Ɗanlami ya ce haka ake yi a ko'ina. Amma ya yi shekaru shi kaɗai a ɗakin haya yana juya maganar, kamar yadda na juya tawa a kan Oga Femi, har ta kai shi inda ta kai shi. Na ce masa wallahi ba wanda ya sa ni. Na fara bayanin firinta da tawada, na ji muryata tana faɗin abin da na faɗa a ofishin Alhaji Ɗanlami, sai na yi shiru. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya ji amma bai karɓa ba.

"To, ba komai," ya ce. "Ga motarka nan. Ka gaida gida."

Ban taɓa jin ciwon wata magana a sana'ar nan kamar wannan ba, har da shekarar katin ɗaurin aure. Tun daga ranar, kafin in rubuta layi ɗaya, sai na tambayi kwastoma wa zai amince da aikin, kuma a allo yake dubawa ko a takarda.

Kai mai wayar jiya, matso. Firinta na can a kunne. Je ka buga shafin naka, ka kawo mu ga wanda ya ɓace.